Ranar da Muka Nome Furannin Kamfani

Shekarata ta tara ke nan a Dubai sa'ad da abin ya faru. Ni direba ne. Makaranta na baro ta tun aji uku na sakandare, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwo gona ta rasa mai riƙe ta, daga gona na faɗa tasha, daga tasha wani ya yi mini hanya na zo nan. Aikina shi ne in ɗebo 'yan yawon buɗe ido daga otal, in shiga da su cikin rairayi, in rage wa tayoyi iska, in hau tudu in gangaro da su suna ihu. Wanda ya yi amai, ni ke wankewa. Da yamma in mayar da mota garejin kamfani a Al Warsan, in hau bas zuwa Sonapur, inda muke kwana mu shida a ɗaki ɗaya, ni kaɗai ne Bahaushe. A gida in an ce wa matata mijinki yana Dubai sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ni dai na san Dubai ɗin da nake ciki.

Kamfaninmu yana da zango can cikin hamada, tafiyar kusan awa guda daga gari. Tantuna ne, da dardumai, da raƙuma biyu da baƙi ke hawa a yi musu hoto. Mai gadin zangon wani dattijo ne mutumin Damagaram, ya ba ni shekara goma ko fiye. Ni na samo masa aikin. Na haɗu da shi a wani gidan tuwo a unguwar Naif, yana dako wa 'yan kasuwa, yana ɗaukar dilar kaya a ka da furfurarsa. Da na ji ya yi kiwon raƙuma yana yaro, na kai shi wurin manajanmu, wanda kowa ke kira mudir, na ce ga mai raƙuma. Aka ɗauke shi, aka yi masa biza da sunan kamfani. Ya ce mini wannan ne aiki na farko da ya samu a ƙasar nan wanda yake kwana yana jin iska.

Ni Bakano, shi Badamagare, ka san abin da ke tsakani. Ban taɓa shiga zangon nan na fita ba tare da ya zage ni ba.

"Ga bawanmu ya iso," haka yake tarbata. "Zo ka ɗauki buta ka zuba wa ubangidanka ruwa."

"Ubangida da ke kwana da raƙumi? Malam, ka yi wanka kuwa makon nan?"

"Na yi. Da sabulun da kakanka ya kawo mana gaisuwa."

Sai ya miƙo mini shayi. Ina kiran sa Malam, shi yana kira na Bakano, ko shofar, wato direba, in yana so ya tuna mini ya yi lakkwal, bokon ƙasarsu, ya ji Faransanci. Duk Dubai shi kaɗai ne mutumin da nake cire takalmi in zauna kusa da shi ba tare da ina duba agogo ba.

A shekarar aka yi ruwa. Ba irin yayyafin da ake yi a nan a fito ana ɗaukar sa a waya ba, ruwa sosai, sau uku cikin sanyin, har tituna suka cika. Bayan 'yan makonni sai rairayi ya canza. Inda na saba ganin ja da fari sai ga kore ya shimfiɗu a kwarurruka. Ni abin da ya fara zo mini a rai shi ne, da a gida ne yau da an yi shuka. Mudir kuwa abin da ya zo masa daban ne. Ya ce za a fara sabuwar fita da safe, ta kai baƙi kallon furannin hamada, tunda abu ne na 'yan makonni, zafi na shigowa zai ƙone. Ya ɗauko wata Baturiya da ta yi karatun tsirrai, ita za ta riƙa yi wa baƙi bayani. Su biyu suka je a motarsa suka zaga, suka zaɓi wani kwari da ke bayan zangonmu. Ni ban je ba ranar.

Ana gobe za a fara, mudir ya kira ni. Ya ce in ɗauki kujeru da dardumai da ruwan sha in kai kwarin, ni da mai gadi mu shirya wurin zama, mota uku za su zo da safe. Ya ce, "Yalla habibi, maza abokina, kar in ga abin kunya gobe."

Na isa bayan azahar. Muka ɗora kaya, muka zaga bayan tudu. Da na sauka daga mota na duba kwarin, sai na ce, "La haula." Tsidau ne. Tsidau tun daga ƙafata har inda tudu na gaba ya fara, ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, ya yi fure rawaya, kuma ya fara 'ya'ya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san 'ya'yan tsidau. Ni a tafin ƙafata na san su tun ban iya salla ba. Mahaifinmu in ya ga tsidau ɗaya ya yi fure a gonarsa, ranar wani zai sha bulala. Can a gefe-gefe kuma akwai wasu 'yan tsirrai masu fure shunayya, da wasu farare masu kyau, ba su da yawa, tsidau ya kusa shaƙe su.

Na ce, "Malam, ka ga aikin da ke gabanmu?"

Ya ce, "Wane aiki? Mu aje kujeru mu tahi."

"A kan ƙaya? Kai ba ka san mutanen nan ba. Suna sauka daga mota suke cire takalmi, wai suna son su ji rairayi. Mace ɗaya ta taka wannan, mudir zai ci ubanmu. Kuma ga furannin da za su zo gani can, ciyawa ta rufe su."

Ya dubi wurin da kyau. Ya ce, "Bakano, anya? Matar nan ta daɗe durƙushe a nan jiya. Nan tsakiya, ba can gehe ba."

Na ce, "Ƙaya take cirewa daga ƙafarta."

"Da abin hoto a hannu?"

"Malam, kai da hankalinka. Mutum zai biya kuɗi, ya tashi da asuba, ya shigo daji don ya kalli tsidau? A garinku haka kuke yi? To ko Damagaram ba a yi wannan haukan ba."

Ya yi dariya. Ya ce a kira mudir a tambaya. Na ce babu sabis a kwarin, kuma gaskiya ne babu, amma da na hau tudu da na samu. Ban hau ba. Na gaji da tambayar izini kan kowane abu kamar yaro. Shekara tara ana gaya mini inda zan tsaya da inda zan juya, yau ga abu ɗaya da na fi mudir sani, na fi Baturiyarsa sani. Ba a shimfiɗa wa baƙo tabarma a kan ƙaya. Wannan ko uwata da ba ta taɓa shiga aji ba ta sani.

Ya ce, "To, dakwar, na yarda. Kai ka san mutanenka."

Yana da wata hauya da ya haɗa da kansa, faffaɗan ƙarfe a bakin doguwar sanda, irin wadda suke noma da ita a tsaye a ƙasarsu. Ni na ɗauki guntun shebur ɗin da nake tone taya da shi in mota ta kafe, na duƙa kamar mai fartanya.

"Dubi Bakano," in ji shi, "kullum a duƙe. Shi ya sa kuka saba da gaisuwa."

"Ku kuma ragwaye, noma a tsaye kamar mai jiran bas."

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da na zo ƙasar nan ban yi yini mai daɗin wannan ba. Ƙasa tana da danshi a ƙarƙashi, in ka sare saiwa sai ƙamshi ya taso, ƙamshin gonar gero bayan ruwan farko. Bayana da ke ciwo a kujerar mota bai ce mini komai ba. Hannuna ya tuna abin da ya sani. Muka ɗauki layi, shi daga gabas ni daga yamma, muna haɗuwa a tsakiya muna zagin juna muna komawa. Muka tsaya muka yi la'asar a kan ƙasar da muka share, goshina ya taɓa rairayi mai sanyi babu ƙaya ko ɗaya. Furannin nan shunayya da farare muka bar su, har Malam ya yi wa kowanne 'yar da'ira da ƙasa kamar yadda ake yi wa dashen mangwaro. Tsidau muka tara shi tsibi-tsibi, muka kai wa raƙuma rabi, suka yi ta ci suna lumshe ido. Kafin magariba kwari ya zama fes. Muka shimfiɗa dardumai, muka jera kujeru. Na tsaya a kan tudu na duba, hannuna duk ya yi bororo, na ce a raina gobe mudir zai san yana da ma'aikata.

Da safe ni ne a gaba, mota biyu na bi na. Baturiyar tana kujerar gefena, tun daga gari take yi wa baƙi bayani, tana cewa za su ga ƙasa ta zama rawaya kamar an zuba zinariya. Turancina na tasha ne, amma na ji kalmar rawaya sarai. Na ji ta sau biyu. A karo na uku sai na tuna launin furen tsidau.

A motata akwai wata likita 'yar Kano da ke aiki a wani asibiti a nan, ta zo da mahaifiyarta, tsohuwa da ta zo duba jikoki. Tun da suka gane ni Bahaushe ne tsohuwar take tambayata ɗan wace unguwa ne, wa na sani, me ya sa ban yi ƙiba ba.

Muka zaga tudu. Na tsayar da mota. Baturiyar ba ta sauka ba. Ta zauna tana kallon gaba, bakinta a buɗe. Daga baya ta buɗe ƙofa a hankali, ta taka zuwa tsakiyar wurin, ta juya hagu ta juya dama. Ta hango tsibin da ya rage, ta je ta durƙusa ta ɗago reshe ɗaya da ya riga ya yi yaushi. Sai ta fara kuka. Babbar mace, da gilashinta da hularta, tana kuka a kan tsidau.

Baƙi suka sauko suna kallon juna. Tsohuwar nan kuwa ta dafa ƙofa ta sauko, ta duba filin, ta ce da ƙarfi, "Kai, masha Allah! Wa ya yi wannan shara? Sannunku da aiki. Allah ya yi muku albarka. Rabona da ganin wuri tsaf haka tun ƙauye."

'Yarta ta ce, "Hajiya, ki yi shiru. Furen da muka zo gani ne aka cire."

"Wane fure?"

Ta nuna mata tsibin. Tsohuwa ta matsa ta leƙa. Ta ɗago ta dubi 'yarta.

"Ke, wannan ai tsidau ne."

"Shi ne dai, Hajiya."

"Shi kika tashe ni da asuba in zo in gani? Da kin faɗa ai da na zo miki da shi a buhu daga bayan gidanmu."

A wani lokaci da na yi dariya har in faɗi. Ranar ban yi ba, domin mudir ya riga ya sauko daga mota ta uku. Bai yi ihu ba, saboda baƙi. Ya tako a hankali, fuskarsa ta yi ja, ya tsaya a gabanmu. Malam ya zo tarbar baƙi kamar kullum, kuma tsautsayi ya sa hauyar tana hannunsa, ya fito da ita ne ya ƙarasa wani ɗan gefe da muka bari.

Mudir ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Ya dubi hauyar. Ya dubi Malam. Bai dube ni ba.

Ni kuwa hannayena suna cikin aljihu. Ban san lokacin da na saka su ba. Malam ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba na roƙo ba, ba na zargi ba, kamar mai jira ne kawai. Abin da ya rage shi ne in buɗe baki in ce ni na sa shi, ya ma ce a tambaya na hana. Kalma nawa ce? Amma a wannan lokacin abin da ke kaina shi ne shekaruna, da 'ya'ya huɗu a makaranta, da ginin da ya tsaya a linta, da layin samari masu ƙarfi da ke jiran kujerata. Na dubi ƙasa.

Mudir ya ce wa Malam, "Za mu yi magana." Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Aikin mutum ne da bizarsa a haɗe, in ɗaya ya tafi ɗayan ya bi shi.

Malam ya jingine hauyar. Ya matso kusa da ni ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "In tsaido suke so, akwai inda ya hi wannan. Gabas, bayan dogon tudun nan mai bishiya biyu. Kullum raƙuma can suke ja na. Gaya mishi."

Malam ba ya jin Turanci, Larabcinsa kuma na salla ne da na cefane. Ni na gaya wa mudir. Na ce, "Akwai wani wuri." Ban ce shi ya faɗa ba. Ban ce ni na sani ba, amma ban ce shi ne ba. Mudir ya ce, "Ka tabbata?" Na ce insha Allah. Ya ce yalla.

Na saka Malam a can bayan mota wurin kwalaben ruwa, yana gaya mini hanya da Hausa, hagu, dama, bi gindin tudun, kar ka hau. Baƙi suna tsammanin hira muke. Bayan kusan rabin awa muka hau wani tudu, sai ya ce, "Tsaya. Wala, ga shi nan."

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kwari ne ya ninka wancan sau uku ko huɗu, ruwa ya kwanta a cikinsa ya daɗe kafin ya tsotse. Rana ta ɗan ɗago, furannin duk sun buɗe. Rawaya har iyakar gani, iska na kaɗa shi. Duk muka zuba ido. Tsohuwar ce ta fara magana, ta ce, "Ikon Allah."

Ni ma na duba. Shekara arba'in da wani abu ina ganin tsidau, ban taɓa kallon sa ba sai ranar. A gida ba ka ganin sa daga kan tudu. Kana ganin sa ne a ƙarƙashin ƙafarka, tsakanin kunya da kunya, yana shan ruwan da gero zai sha. Mutumin da abincinsa ke cikin ƙasa ba ya da idon da zai ce wa ciyawa kyakkyawa. Waɗannan mutane abincinsu a kanti yake, shi ya sa suke da idon. Ban ce sun fi mu ba, ban ce mun fi su ba. Amma na tsaya a wurin ina jin haushin abu biyu lokaci guda: haushin su da suke da sukunin kuka a kan ciyawa, da haushin kaina da abin ya yi mini kyau.

Baƙi suka bazu da wayoyinsu. Babu wanda ya cire takalmi, Baturiyar ta gargaɗe su. Ta share hawaye ta dawo da bayaninta. Tsohuwa ta ƙi sauka, ta zauna a bakin ƙofa ita da Malam suna nuna tsirrai da baki.

"Wancan ba filasko ba ne?"

"Shi ne, Hajiya. Ga tumfafiya can. Wancan mai yaɗo kuma kwartowa ce, ko akuya ba ta ci."

"Ashe duk sun biyo mu nan."

"Su ma neman kuɗi suka zo."

Baturiyar ta ji suna kiran sunaye, ta zo ta tambaye ni me suke cewa. Malam yana faɗa ina juya mata: wannan ana jiƙa shi a sha don ciki, wannan raƙumi na so, wannan ruwansa na makantar da ido, wannan in ka gan shi to ruwa bai yi nisa a ƙasa ba. Tana rubutawa da sauri, tana kallona tana cewa madalla. Ni take kallo. Shi yana tsaye a bayana da rawaninsa mai datti.

Fitar ta yi kyau. Baƙi suka yaba, aka ci gaba da zuwa sabon kwarin kullum. Na yi tsammanin shi ke nan, magana ta wuce. Kwana biyu bayan haka wani direba ya gaya mini a gareji cewa takardar Malam tana ƙarewa ƙarshen wata, kuma mudir ya ce ba za a sabunta ba. Wai ya ce tuge tsirran daji laifi ne, in hukuma ta ji kamfani zai shiga uku, dole a nuna an ɗauki mataki.

Kwana uku na yi da wannan magana a ciki. Ina zuwa zango, Malam yana ba ni shayi, amma ya daina ce mini bawanmu. Sannu da zuwa yake ce mini, kamar baƙo. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A rana ta huɗu na ajiye mota na hau ofis.

Na ce wa mudir, "Ni ne na ce a nome wurin. Dattijon ya ce a kira ka, na hana. Sabon kwarin ma shi ya san shi, ba ni ba."

Yana danna waya. Bai ɗago ba ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Habibi, ni makaho ne? Tsoho ɗaya zai share wancan fili a yini guda? Kuma ka yi kwana uku kana riƙe sitiyari da 'yan yatsu." Ya ajiye wayar. "Kai kana da lasisin tuƙin hamada. In na kore ka, wata nawa zan yi kafin in samu wani? Mai gadi kuwa gobe zan samu goma. Dole mutum ɗaya ya tafi, na riga na gaya wa mai kamfani wane ne. Da a ranar ka yi magana a gaban matar nan, da wataƙila dole in yi wani abu daban. Yanzu takarda ta wuce. Khalas, an gama."

Na ce to a kore ni a bar shi. Na faɗa ne, amma ni da shi duk mun san na faɗa ne bayan na tabbata ba za a yi ba. Ya yi murmushi. Ya ce Baturiyar za ta koma ƙasarsu bayan wannan kakar, kuma ta yaba da yadda na san tsirrai, saboda haka duk shekarar da aka yi ruwa ni zan riƙa jan fitar furanni. Ya miƙo mini hannu in gode masa. Na kuwa gode. Wannan ma in rubuta shi, tunda na fara.

Da la'asar na tafi zango ba tare da baƙi ba. Na tarar da Malam yana ɗaure wa raƙumi dabaibayi. Na gaya masa duk yadda muka yi da mudir, ban rage komai ba. Ya gama ɗaurinsa tukuna, ya miƙe, ya karkaɗe hannu.

Ya ce, "Kwana ukku ka makara. Ku Kanawa kasuwa kaɗai kuke sammako."

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

"Noman? Ai tare muka yi. Ni ma na ji daɗinshi, kar in yi maka ƙarya. Wannan babu komi." Ya ɗauki butarsa. "Shirun nan ne dai. Shi ina dubawa tukuna."

Na ce zan nema masa wani aikin, na san mutane a Naif. Ya ce kansa ya gama ɗaukar dila. Ya ce damina ta kusa a gida, yana da gona da ƙanensa ke ci shekara shida, gara ya je ya karɓi abinsa tun yana iya riƙe hauya. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba ko don ya rufe mini baki ne. Yana da 'ya'ya mata uku da ba a kai ɗaki ba, wannan na sani, kuma gero ba ya sayen gado da katifa.

Kafin ya tafi ya zaga da ni sau biyu cikin rairayi, ba don na roƙa ba. Ya nuna mini yadda ake gane kwarin da ruwa ya kwanta daga fasuwar ƙasa, da gefen tudun da iska ke tara iri, da yadda ake bin kashin raƙuma a san inda suka yi kiwo. Ya ce, "Tunda kai za su riƙa tambaya, kar ka ba mu kunya." Ƙarshen wata ni na kai shi filin jirgi a motar kamfani, ba da izini ba.

Tun daga lokacin an yi ruwa mai kyau sau biyu, sau biyun ni na ja fitar. An ba ni riga mai aljihu da yawa da hula mai faɗi. Ina tsayawa a kan tudu in ce wa mutane kar su taka, kar su tsinka, in gaya musu wanne raƙumi ke so, wanne ake sha don ciki. Suna ce mini na san hamada. Ina cewa wani dattijo ne ya koya mini, suna gyaɗa kai suna ci gaba da hoto, babu wanda ya taɓa tambaya ina yake.

Yana Damagaram. Duk salla yana turo mini saƙon murya ta wayar ɗan ƙanensa. Yana gaishe ni, yana tambayar iyali, yana gaya mini yadda damina ta yi. Bara ya ce gero ya yi rabi, ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi aure. Sannu yake ce mini, da Allah ya ƙara rufa asiri. Ina sauraron saƙon sau biyu, sau uku, ko zan ji ya zage ni. Har yanzu bai yi ba, ni kuma ban tambaye shi ko ya gama dubawa ba.